Yadda Ake Haɗa Akwatin Wufa Na Motar A-kori-kura

Mafi yawan masu motar a-kori-kura a Garwa da Marwa, idan suka yi niyyar gyara sautin motarsu, kasuwa suke fara nufa su sayo wufa mafi girma da aljihunsu zai iya ɗauka, sannan daga baya su kai wa kafinta su ce ya yi mata akwati. Wannan tsari a juye yake, kuma shi ya sa ake jin motoci da yawa suna ruri da kakkarwa maimakon su fitar da amo mai kauri mai tsabta. Wufa, wato babbar sifikar da aka keɓe domin sautin ƙasa-ƙasa irin na ganga da bas, ba ita kaɗai take aiki ba, domin iskar da ke kulle a bayanta ita ce take riƙe faifanta, tana hana shi wuce iyaka idan ya tura gaba ko ya koma baya. Saboda haka ainihin aikin shi ne a samu adadin iskar da sifikar take bukata, a kuma tabbatar ba ta yoyo ta ko'ina. Sifikar inci 10 da aka yi wa akwati daidai da ita ta fi ta inci 15 da aka cusa cikin akwatin da aka ƙiyasta da ido.

A fara da auna gurbin da ke cikin motar

A-kori-kura ba ta da but, don haka wurin da ake da shi kaɗan ne. A Hilux mai ƙofa biyu da Land Cruiser irin wadda ta cika hanyoyin Cadi, gurbin yana bayan kujerar direba da ta fasinja, tsakanin jingina da bangon baya, kuma yana da faɗi a ƙasa yana tsukewa a sama. A mai ƙofa huɗu kuwa sai dai bayan kujerar baya ko ƙarƙashinta, inda wurin ya fi ƙanƙanta. Ba na ba kowa shawarar ajiye akwati a bodin baya, domin rana da ƙura da ruwan damina za su gama da shi cikin shekara guda, ɓarawo yana ganinsa, sannan amon da aka kashe kuɗi dominsa mutanen titi ne za su ji shi, ba wanda ke zaune a kan mota ba.

Kafin a ɗauki tef, direban da ke tuƙa motar kullum ya zauna ya daidaita kujerarsa yadda ya saba, domin akwatin da zai tilasta wa mutum ya tuƙa daga Garwa zuwa Ngaundere gwiwarsa na gugar sitiyari bai yi amfani ba. Sannan a auna abubuwa huɗu: faɗin gurbin daga hagu zuwa dama, tsayinsa, zurfinsa a ƙasa, da zurfinsa a sama. A lura da wurin jak da abin kwance taya, da maɗaurin bel, da ƙananan kafofin iska da wasu motoci suke da su a bangon baya, waɗanda bai kamata a toshe su ba. A rage aƙalla santimita 3 tsakanin fuskar sifika da jinginar kujera, saboda faifan yana fitowa waje idan yana aiki, kuma idan yana dukan kujera gefensa na roba zai yage.

Bayan awo, a samu kwali a yanka shi a haɗa da salatif ya zama siffar akwatin da ake so, a saka shi a gurbin, a mayar da kujera, a rufe ƙofa. Wannan aikin rabin sa'a ne, amma shi ne yake nuna ko kusurwa za ta tokare wani ƙarfe da ido bai gani ba, kuma ya fi sauƙi a gyara kwali da almakashi a kan a gyara katakon da gam ya riga ya kama.

Lissafin iskar ciki

A nan ya kamata a zauna da biro da takarda. A ce awon waje da kwalin ya tabbatar shi ne faɗi santimita 60, tsayi 38, zurfin ƙasa 18, zurfin sama 12, katakon da za a yi aiki da shi kuma kaurinsa milimita 18 ne. Tun da kowane ɓangare yana da bango biyu, sai a cire santimita 3.6 daga kowane awo, a samu faɗin ciki 56.4, tsayin ciki 34.4, zurfin ƙasa 14.4, zurfin sama 8.4. Da yake akwatin a karkace yake, ana haɗa zurfin ƙasa da na sama a raba biyu, wanda ya ba da 11.4. Idan aka ninka 56.4 sau 34.4 sau 11.4, aka raba da 1000, za a samu lita 22 da 'yan kai. Daga cikin wannan kuma sai a cire wurin da jikin sifikar da maganaɗisunta za su cinye, wanda a sifikar inci 10 yakan kai lita 1.5 zuwa 2, da kuma rabin lita na katakon tokari, sai a tashi da kimanin lita 20 na iska.

Da wannan adadi ake shiga kasuwa. A bisa ga al'ada, sifikar inci 8 tana son lita 8 zuwa 15 a rufaffen akwati, ta inci 10 tana son lita 15 zuwa 25, ta inci 12 kuma lita 25 zuwa 35, amma takardar da ke cikin kwalin sifikar ita ce ke da magana ta ƙarshe. Kayan da aka yi domin kasuwar Amurka sukan rubuta girman akwati da ma'aunin ƙafa, kuma ƙafa ɗaya ta kowace fuska daidai take da lita 28.3.

Sifikar kirki tana zuwa da wasu lambobi da ake kira ma'aunan Thiele da Small, da sunan injiniyoyi biyu, Neville Thiele wanda ya wallafa aikinsa a Ostareliya a 1961, da Richard Small wanda ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970. Biyu daga cikinsu sun isa a fitar da girman rufaffen akwati, wato Vas, adadin litar iskar da turjiyarta take daidai da ta maɗaurin faifan, da Qts, lambar da ke nuna yadda faifan yake daina kaɗawa bayan ya motsa. Ana raba 0.707 da Qts, a ninka abin da aka samu da kansa, a cire 1, sannan a raba Vas da sakamakon. Idan misali Vas lita 30 ne, Qts kuma 0.45, to 0.707 a raba da 0.45 ya ba da 1.57, a ninka shi da kansa ya ba da 2.47, a cire 1 ya rage 1.47, sai 30 a raba da 1.47 ya ba da kimanin lita 20. Irin wannan sifika ita ce ta dace da gurbin da muka auna. Idan akwati ya gaza abin da lissafi ya nuna sosai, sautin zai riƙa dukan ƙirji a wuri ɗaya ba tare da zurfi ba, idan kuma ya zarce sosai, faifan zai yi sako-sako, ya kasa jure ƙarfin wuta.

Akwai awo ɗaya da ake yawan mantawa da shi, wato zurfin sifikar kanta daga bakinta zuwa bayan maganaɗisu. A akwatinmu, daga fuskar waje zuwa bangon baya ta ciki a tsakiya santimita 13 ne da kaɗan, kuma idan maganaɗisun yana da ramin shan iska a bayansa, dole a bar masa kamar santimita 2.5 domin naɗin wayar da ke ciki ya huce. Ke nan sifikar da zurfinta ya wuce santimita 10 da rabi ba za ta zauna ba, sai a nemi irin marasa zurfi da kamfanoni kamar Pioneer da Kicker da JBL suke yi musamman domin a-kori-kura.

Rufaffe ko mai bututu

Akwati iri biyu ne aka fi yi: rufaffe ruf, da mai bututun iska. Mai bututu ya fi ƙara a daidai amon da aka saita shi, shi ya sa samari suke sonsa, amma yana bukatar wuri kusan ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na rufaffe, kuma tsawon bututun ba a yin sa da ka. Idan akwatin lita 35 ne, bututun kuma faɗin bakinsa santimita 7.5, ana son ya yi amo a Hz 35 (Hz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya), tsawonsa zai kai santimita 25, kuma da an rage ko an ƙara 'yan santimita, amon ya sauya wuri. Bugu da ƙari, ƙasa da wannan amo iskar ciki ba ta riƙe faifan ko kaɗan, sai ya riƙa kaɗawa a banza har ya lalace, in ba amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti kafin ya isa sifika, tana da matatar da ke yanke wannan sashe ba.

A ganina rufaffen akwati shi ne na ƙasarmu. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, kuma bututu ƙofa ce a buɗe gare ta, da kyankyasai da ɓeraye idan motar tana ɗaukar hatsi. Rufaffe ƙarami ne, yana yafe ɗan kuskuren awo, kuma kan mota da kansa yana taimaka masa, domin ƙaramin ɗaki rufaffe yana ƙara ƙarfin amon da ke ƙasa da Hz 70 ko 80, daidai inda rufaffen akwati yake fara raguwa a hankali. Sauran bayanin nan duka a kan rufaffe yake.

Katako da kayan aiki

Ba a yin akwatin wufa da falankin katako irin na ƙofa ko benci, domin yana kumbura da damina, yana tsukewa da rani, kuma haɗin da ya zauna daram a watan Agusta zai buɗe baki a watan Janairu. Zaɓi biyu ne: MDF, wato allon garin katako da aka matse da gam, ko filawud, kowannensu mai kaurin milimita 18. MDF yana da nauyi, jikinsa ɗaya ne ko'ina, ba ya amsa amo, amma da ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura ya ruguje, kuma bakinsa yana tsagewa idan aka ɗaura sukuru ba tare da an fara hudawa ba. Filawud ya fi sauƙin nauyi, ya fi riƙe sukuru, ya fi jure jijjiga, don haka ga motar da ke bin hanyar Mora zuwa Kuseri ko take shiga ƙauyuka ranar kasuwa, shi na fi so. Sai dai a duba bakin allon da kyau kafin a biya, domin akwai filawud mai ramuka a tsakanin ɓawonsa, wanda zai riƙa zuza idan sauti ya yi ƙarfi. Idan mai kauri bai samu ba, a manna allo biyu masu milimita 9 ko 10 da gam a duk fuskarsu, a danne su da nauyi su kwana. Cikakken allo santimita 122 ne da 244, kuma rabinsa ya isa wannan aiki har da saura.

Sauran kayan su ne farin gam na kafinta, sukurori masu kaurin milimita 4 da tsawon 40 ko 45, silikon, injin huda, zarton lantarki mai yanka da'ira, sukwaya, samfefa, maƙalar waya ta bayan akwati, kafet ko fenti, da audugar roba irin ta cikin filo. Mai yankan MDF ya rufe hanci da baki, domin ƙurarsa laushi gare ta ƙwarai, kuma tana ɗauke da sinadarin gam ɗin da aka haɗa shi da shi.

Yanka da haɗawa

A tsarin da na fi amincewa da shi, allon gaba da na baya su ne cikakku, na sama da na ƙasa suna shiga tsakaninsu, gefuna biyu kuma suna shiga cikin duka. Bisa awonmu, allon baya 60 ne da 38, na gaba 60 da 38.5 saboda karkacewarsa, na ƙasa 60 da 14.4, na sama 60 da 8.7. Bambancin santimita 6 a tsayin 38 yana ba da karkata ta kimanin digiri 9, don haka bakin gaba na allon sama da na ƙasa, da bakin sama da na ƙasa na allon gaba, duk a wannan kusurwa za a yanka su. Gefuna za su tashi da tsayi 34.4, faɗin ƙasa 14.1, faɗin sama 8.7, amma ya fi kyau a jera sauran alluna huɗu tukuna, a ɗora guntun katako a bakinsu a zana da fensir, a yanka a kan zanen.

Ramin sifika shi ne wurin da hannu ya kamata ya natsu. Sifikar inci 10 takan bukaci rami mai faɗin kimanin santimita 23, amma kada a dogara da wannan, a auna jikin wadda aka saya, ko a yi amfani da zanen da wasu kamfanoni suke bugawa a jikin kwali. A buga ƙaramar ƙusa a tsakiya, a ɗaura siririn katako mai rami a daidai rabin faɗin, a sa fensir a zagaya, sannan a huda rami a cikin da'irar a shigar da bakin zarto a bi layin a hankali. Gara ramin ya ɗan matse a buɗa shi da samfefa, domin idan ya yi faɗi sukurorin sifika ba za su samu naman katakon da za su kama ba. A ɗan saukar da ramin ƙasa da tsakiya, inda akwatin ya fi zurfi. A gefe ɗaya kuma a yanka gurbin maƙalar waya, a gefen da zai fuskanci amfilifaya.

Kafin gam ya taɓa komai, a haɗa akwatin a bushe da sukurori kaɗan, a saka sifikar a gani, a kai shi mota a gwada. Idan ya zauna, a kwance, a fara haɗin gaskiya. A huda wa kowane sukuru rami na milimita 3, a bar tazarar santimita 10 zuwa 12 tsakaninsu, kada kuma a matso kusurwa fiye da santimita 4. A shafa gam a duk tsawon bakin katako ba tare da tsallake ko'ina ba, a haɗa, a ɗaura, har sai an ga gam ɗin ya tsatso ta gefe kamar zare, domin wannan ita ce shaidar cewa haɗin ya cika. Gam ne yake riƙe akwati, sukuru matse shi kawai yake yi kafin ya bushe. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a Garwa da Njamena, farin gam yana yin fata cikin 'yan mintuna, don haka a yi wannan aiki da sassafe a inuwa, a kuma haɗa bango ɗaya-ɗaya maimakon a shafa wa duka a lokaci guda.

Allo mai faɗin santimita 60 yana lanƙwasa idan sauti ya yi ƙarfi, ko da ido bai gani ba, kuma duk motsin da bango ya yi ƙarfi ne da aka sace daga sifikar. Maganinsa shi ne a sa tokari biyu, wato guntayen katako masu kaurin santimita 3 ko 4, daga allon gaba zuwa na baya, ɗaya a dama da ramin sifika ɗaya a hagu, da gam da sukuru. A ƙwanƙwasa bangon da ɗan yatsa kafin a sa su da kuma bayan an sa, za a ji amon ya tashi daga na fanko ya koma gajere mai tauri.

Bayan gam ya kwana, a bi duk kusurwoyin ciki da silikon, a shafe shi da yatsa ya shiga lungu, har da kewayen maƙalar waya. Sannan a bar akwatin a buɗe na tsawon awa 24 aƙalla kafin a saka sifika, domin silikon mai warin tsami yana fitar da tururin da ke iya cin gam da robar sifika. Wannan jira shi ne abin da masu gaggawa suke tsallakewa. A waje kuma a cike kan sukurori, a goge da samfefa, a shafa fenti ko banish hannu biyu har da ƙasan akwatin da bakin katako, saboda ruwan da ke shigowa da takalma ko jarkar da ta zube, sannan a manna kafet idan ana so.

A zuba audugar roba a ciki sako-sako, kimanin giram 10 zuwa 16 ga kowace lita, wato giram 200 zuwa 300 a akwatinmu, a nisanta ta daga ramin bayan maganaɗisu. Tana sa sifika ta ji kamar akwatin ya ɗan fi girmansa, tana kuma kashe amsa-kuwwar ciki. Ko da yake ƙasar auduga muke, ta gona ba ta dace da nan ba, saboda tana shan danshi, tana dunƙulewa, kuma ƙwari suna sonta.

A haɗa wayar ciki mai kaurin milimita murabba'i 2.5, a tabbatar da ɓangaren ja da baƙi ta hanyar taɓa ƙaramin batir na volt 1.5 a bakin wayar: idan kan batirin mai alamar + yana kan jar waya, faifan zai motsa waje. A manna siririn soso a kewayen ramin, a zaunar da sifika, a huda ramukan sukurori, a ɗaura su da hannu ɗaya bayan ɗaya ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan. A riƙa kare faifan da tafin hannu, domin sukundireba da ta zame sau ɗaya ta isa ta huda shi.

Gwajin yoyo iri biyu ne. A ɗora yatsu a kewayen tsakiyar faifan a danna shi ciki a hankali, a saki: idan akwatin a rufe yake za a ji yana turjiya, kuma zai dawo sannu a hankali, idan kuwa ya shige ba wuya ya dawo nan take, akwai inda iska take fita. Domin a gano wurin, a kunna amo mai zurfi ƙasa-ƙasa, a kunna tsinken turare a bi da shi ta bakin kowane haɗi da kewayen sifika. Hayaƙin zai tashi a miƙe har sai an zo kan ɓarakar, inda zai fara rawa yana watsewa.

Wuta da ɗaurewa a mota

Lambobin da ake bugawa da manyan haruffa a jikin kwali, 2000 W ko 3000 W, ba abin dogaro ba ne, lambar da aka rubuta RMS a gabanta, wato wat ɗin da kayan suke iya riƙewa a kai a kai, ita ce ta gaskiya. Akwai hanya mai sauƙi ta kama ƙaryar amfilifaya: a duba fis ɗin da ke jikinta. Idan na amfiya 20 ne, a wutar mota ta kusan volt 14, duk abin da za ta iya ja bai wuce wat 280 ba, abin da za ta bai wa sifika kuma bai kai haka ba. Ga sifikar inci 10 guda ɗaya, amfilifaya mai wat 250 zuwa 300 RMS ta wadatar, kuma irin da ake kira Class D ta fi dacewa da zafinmu saboda ba ta ɗumama sosai. A duba ohm ɗin sifika, wato ma'aunin turjiyar da take yi wa wuta, ya dace da abin da amfilifaya take ɗauka. Sifika mai naɗi biyu na ohm 4 kowanne tana zama ohm 2 idan aka haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, tana kuma zama ohm 8 idan aka jera su ɗaya na bin ɗaya. Masu tsofaffin Land Cruiser na dizal su fara tabbatar da wutar motarsu, domin akwai masu volt 24 a cikinsu, kuma amfilifayar volt 12 za ta ƙone nan take idan aka haɗa ta kai tsaye.

Wat 300 yana jan kusan amfiya 30, don haka wayar da za ta taso daga batir ta zama ta jan ƙarfe zalla mai kaurin milimita murabba'i 10. Kasuwa cike take da wayar alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe, ana gane ta da rashin nauyi da kuma farin da ke bayyana idan aka kankare bakinta, kuma idan ita kaɗai ta samu sai a ɗauki wadda ta fi kauri. A sa fis na amfiya 40 a kan wannan waya, bai fi santimita 30 zuwa 45 daga batir ba. Wannan fis ba amfilifaya yake karewa ba, motar yake karewa, domin idan wayar ta goge ta taɓa ƙarfe a hanya, shi ne zai yanke kafin gobara ta tashi. Inda wayar za ta ratsa bangon da ke tsakanin inji da kan mota, a bi da ita ta cikin zoben roba. Wayar ƙasa, wato wadda take haɗa amfilifaya da ƙarfen mota, ta zama gajeriya, kaurinta ɗaya da ta batir, a ɗaure ta da noti a jikin ƙarfen da aka kankare fentinsa har ya yi ƙyalli. Wayar sigina daga rediyo ta bi gefe ɗaya na motar, ta wuta ta bi ɗaya gefen, domin kada kukan altaneta ya shiga sauti.

Kada a ɗaura amfilifaya a jikin akwatin, jijjigar tana kwance mata kayan ciki. A nema mata wuri ƙarƙashin kujera ko a bangon baya inda iska take wucewa, a ɗaga ta kaɗan daga daɓe.

Akwatin da sifikarsa zai kai kilo 10 zuwa 14, kuma irin wannan nauyi idan ba a ɗaure yake ba, ranar da aka taka birki da ƙarfi ko mota ta faɗa rami zai taho kan mutanen da ke gaba. A sa mai walda ya lanƙwasa ƙarafa biyu ko uku masu kusurwa, a ɗaure su a jikin akwatin da kuma daɓen mota ko bangon baya da noti da washa. Kafin a huda ko'ina a leƙa ƙarƙashin motar a ga inda tankin mai da bututun birki da wayoyi suka bi, kuma kada a kwance notin bel domin a rataya akwati a kansa. Duk sukurun da ya ratsa katako har ciki a toshe bakinsa da silikon, a kuma shimfiɗa roba tsakanin akwatin da ƙarfen mota.

Saita sauti

A sa matatar amfilifaya ta yanke duk abin da ya haura Hz 80, domin muryar mawaƙi ko ta mai wa'azi ba aikin wufa ba ce, aikin ƙananan sifikun ƙofa ne. A mayar da maɓallin ƙarin bas sifili. Maɓallin da aka rubuta wa gain kuwa ba na ƙara sauti ba ne, na daidaita amfilifaya da rediyo ne, kuma murɗa shi har ƙarshe shi ne abin da ya fi ƙona sifiku. Mai mitar auna wuta zai iya saita shi daidai: a cire wayar sifika, a kai rediyo kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa, a kunna amon gwaji na Hz 50, a auna wutar AC a bakin amfilifaya, a murɗa har ta kai adadin da idan aka ninka shi da kansa zai ba da wat sau ohm. Ga wat 300 a ohm 4, adadin volt 34.6 ne, a ohm 2 kuma 24.5. Idan ƙarfin sifikar bai kai na amfilifaya ba, da nata za a yi lissafin. Bayan an mayar da waya, a zauna a kujerar direba a saurari waƙar da aka sani sosai, a gwada maɓallin 0 da 180 na amfilifaya, wanda yake juya alƙiblar motsin faifan, a bar shi inda ganga ta fi cika kunne.

Kan a-kori-kura ƙaramin ɗaki ne, sifikar kuma tana bayan kunne da 'yan santimita. Ma'aunin kare lafiyar ma'aikata ya nuna cewa ƙarar da ta kai decibel 85, wato a ma'aunin ƙarfin ƙara, tana fara cutar da ji idan aka daɗe a cikinta har awa 8, kuma lokacin yana raguwa sosai da ƙarar ta ƙaru, ga shi kuma direban da ke tafiya mai nisa yana bukatar jin hon da kukan injinsa. A rage sauti a kusa da masallaci da asibiti da makaranta, da kuma shingen jami'an tsaro.

Bayan mako biyu na aiki, a sake bin sukurorin sifika da notocin ƙarafan ɗauri, domin soso yana kwantawa, hanya mai gargada kuma tana sassauta abin da aka ɗaure. A farkon damina a ciro akwatin a duba ƙasansa ko danshi ya fara kumbura katakon, a kuma kwance wayar ƙasa a goge tsatsar da ta taru a wurin, a shafa ɗan giris kafin a mayar da notin.